Ranar da Waya Ta Yi Kuka a Ɗakin Ɓuntu

A rubutun tarihin nan nawa na iso shekarar bikin Rabi, autata, kuma da so samu ne da na tsallake ta kamar yadda na tsallake wasu. Na gaji. Idona ba ya son farar takarda, hannun da ya ƙare a bakin tukunyar turara shinkafar gumi kuwa ba don biro aka yi shi ba, ajin yaƙi da jahilci ne ya tilasta masa da girmansa. Amma makon jiya na ji wata jikata tana faɗa da 'yar'uwarta a kan ɗan kunne, ta dube ta ta ce, "Mai hannun Bibata." Yarinyar da ba ta taɓa ganin Bibata ba, ba ta san ko doguwa ce ko gajera ba. A gidana, a tsakar gidan da matar nan ta sha sharewa da hannunta, sunanta ya zama zagi. Shi ya sa zan daure in rubuta. Ku da na haifa nake yi wa, kowa ya karanta da idonsa, kada wani ya ce a taƙaita masa a waya.

Kun san Bibata, amma 'ya'yanku ba su san ta ba, don haka bari in faɗa. Badanda ce, 'yar ƙabilar Dandawa, daga ƙetaren iyaka, ƙasar da ku kuke ce wa Benin, mu tsofaffi har yau Dahome muke cewa. A kasuwa muka haɗu muna amare, ni da shinkafar gumi a kaina, ita da busasshen kifi da sabulu. Muka yi cinikin da ya kusa zama dambe, ta ce shinkafata tsakuwa ce, na ce kifinta ya girmi kakata. Kasuwa ta gaba ta neme ni ta ba ni goro, daga nan muka ƙulla ƙawance, muka riƙe shi har furfura. Ita ba ta samu haihuwa da wuri ba, 'ya ɗaya Allah ya ba ta daga baya. Ni kuwa kusan duk damina biyu da goyo. To duk wanda ya isa yaye a cikinku, wurinta nake kai shi. In ruwa ya cika a tafi da kwalekwale, in rani ne a hau babur. A bayanta kuka yi kukan rabuwa da nono, kununta kuka sha, ita ta wanke muku kashi ba ta yamutsa fuska ba. Shi ya sa kuke ce mata Nya, wato uwa a bakin Dandawa. Babu ɗaya a cikinku da bai kwana a ɗakinta ba, tun daga yayanku, ɗana na fari da bakina ba ya kama sunansa, har zuwa Rabi.

Sai kuma al'adar gidanmu, wadda na gada wurin uwar mijina. Gidan masu gumi ba ya rabuwa da ɓuntu, wato ɓawon shinkafa da ke fita in an surfa. Muna da ɗaki guda a kusurwar gabas inda muke tara shi don hura wuta. In abu ya ɓata a taron mata, ɗan kunne ne, zobe ne, ko kwalbar turare, ba ma caje kowa, ba ma rantsar da kowa. Sai a cika babban kwando da ɓuntu a sa a ɗakin nan, a saki labule. Duk wanda ke cikin gida, babba da yaro, mai gida da baƙo, zai shiga shi kaɗai, ya tura hannuwansa biyu cikin kwandon har gwiwar hannu, ya fito. Kowa ya fito da ɓuntu a hannu, ba a gane wane da wane. In na ƙarshe ya fito, sai tsohuwar gida ta shiga ta lalube. Sau da yawa abin yana nan a ƙasan kwando. A miƙa wa mai shi, a ce an gani, a ci gaba da shan fura. Uwar mijina takan ce, shaiɗan ne ke ɗauka, amma mutum ne ke mayarwa, to a bar wa mutumin ƙofa. Da wayoyi suka zo, ƙananan nan masu maɓalli, su ma mun sha tono su daga ɓuntu, sai dai a hure su a goge da gefen zane.

Akwai abu guda game da ɗakin nan da ya kamata ku tuna, don a kansa komai ya rataya. Gidanmu yana cikin kwari, sabis ba ya sauko mana. Ko ka hau turmi, ko ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, ba abin da za ka samu, in ma ka samu na Dahome ne, ya shigo ya yi maka sallama da Faransanci ya wuce. Wuri ɗaya ne tak a gidan yake kamawa, ɗakin ɓuntu, ta 'yar tagar nan ta sama. Har ƙusa babanku ya kafa a wurin kafin ya rasu, a nan ake rataye waya in ana jiran kira, a nan kuma igiyar wutar sola ta shigo ake yin caji. Kowa a gidan ya san haka, har kaji.

Yayanku ya zo bikin daga Birnin Kebbi da sabuwar waya, faffaɗa kamar marfin kwano. Tun da ya sauka ba a huta ba. Ya nuna wa maza a zaure, ya shigo ya nuna mana. Ba ta buɗewa sai da yatsansa. In an ɗauke ta, yana iya ganin inda take a wayar matarsa. Yana iya sa ta kuka daga nesa, ko an rufe mata baki. Na tuna yadda ya tsaya bakin murhu yana yi mana wa'azi, hayaƙi yana shigar masa ido bai kula ba.

"Inna, satar waya ta ƙare. Wagga ko ɓarawo ya ɗauka, dutse na yaɗ ɗauka. Ba ya kira, ba ya saidawa. Zamanin kwandonku ya wuce."

Bibata tana gefe tana yanka albasa, ta zo tun kwana uku kafin biki da kwanonin da ta saya wa Rabi. Ta ɗago ta ce,

"To Allah shi sa. Amma ɗana, in dutse na, mi zai sa wanda yaɗ ɗauka shi maido ma? Ai sai shi jehwa gulbi."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ɗauke ta hoto da wuƙa a hannu da hawayen albasa, ya nuna mata, ta ce an mai da ita mayya.

Ranar ɗaurin aure da hantsi ya sa wayar caji a ƙusar ɗakin ɓuntu, ya fita wurin maza. Gida ya cika, danginmu na Sharabi da Lafagu, dangin ango, maƙwabta, ku kanku kuna ta shiga da fita da kwanonin abinci. Da ya dawo bayan azahar, igiyar cajin ce kawai ke lilo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya karɓi wayar matarsa ya tsaya a ƙarƙashin tagar yana latse-latse, sannan ya fito tsakar gida, gaban surukai, ya ɗaga murya.

"Tana cikin gidan ga! Ga ta nan ta nuna, ba ta hita ba. Na sa ta kuka, dut inda take za ta tona kanta."

Muka yi shiru muna saurare. Ba abin da ya yi kuka sai akuya. Wanda ya ɗauka ya riga ya kai ta ɗakin da sabis ba ya shiga, saƙon yayanku bai same ta ba. Shi bai yi wannan tunanin ba, ni ma ban yi ba. Ya ce a rufe ƙofa a caje jakar kowa. Matan dangin ango suka fara gyara mayafi suna kallon juna, uwar ango ta miƙe tsaye. Na ga auren da aka ɗaura da safe zai kwance kafin la'asar, a kan marfin kwano. A nan na yanke hukunci, kuma ko yau aka maido ni wurin, shi zan sake yankewa. Na ce ba a caje baƙo a gidana ina numfashi.

"Inna, wagga ba zobe ta ba. Kin san abin da ni saye ta?"

"Ban sani ba, ba ni son sani. Aje wayar matarka. A kawo kwando."

Ya aje, gaskiya ya aje, na gani da idona ya miƙa wa matarsa ta sa a jaka. Kun daɗe kuna cewa ya saɓa mini ya latsa a ɓoye. Bai yi ba. Latsawar farko ce, wadda ya yi tun kafin in hana, ta tsaya a hanya tana jiran wayar ta leƙo inda sabis yake. Ni kuma na sa kwando inda uwar mijina take sa shi tun ba a san waya ba, a ɗakin da ya zama shi kaɗai ne mai sabis a gidan. Wa zai kai kwandon ɓuntu wani ɗaki? Ba wanda ya yi mugunta a nan. Shi ya yi abin zamaninsa, ni na yi na nawa, suka haɗu a ɗaki guda.

Ni na fara shiga, don kada baƙi su ji nauyi. Na fito, uwar ango ta shiga tana cika tana batsewa. Haka aka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, ku ma kuna cikin layi. Mutane sun fara sakin jiki, har ana tsokanar masu fitowa da ɓuntu a hanci. Bibata ta taso daga bakin murhu, ta goge hannu a zane, ta ja babban mayafinta, ta ɗaga labule ta shiga. Ba ta daɗe ba abin ya tashi. Ba irin kukan waya da muka sani ba ne, wani ƙara ne mai huda kunne, yana hawa yana hawa ba ya tsayawa. Tsakar gida ta mutu. Ba mai neman a gaya masa wa ke ciki, duk mun ga shigarta.

Na sha tunanin abin da ta yi a bayan labulen nan. Tana iya tura wayar cikin ɓuntu ta fito ta ce ta tarar tana kuka a kwando, wani ne ya riga ta sawa. Da ta faɗi haka da an yarda, ko a yi kamar an yarda, sai zargi ya koma kan duk waɗanda suka shiga kafin ita, har da uwar ango. Ba ta yi ba. Ta ɗaga labule ta fito da abin a hannunta yana ta ihu, ɓuntu har gwiwar hannunta. Ta latsa nan, ta latsa can, ya ƙi shiru, don ba ya jin yatsan kowa sai na mai shi. Dole ta ratsa tsakar gidan nan tun daga kusurwar gabas har bakin zaure, mata suna darewa suna ba ta hanya, ta tsaya gaban yaron da ta goya, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga abinka, ɗana. Sa mata hannu ta yi kurum."

Ya sa yatsa, wayar ta yi shiru. Ya dube ta.

"Nya? Ke?"

Wata daga dangin ango ta tafa hannu ta ce, "Tsohuwa da hurhura!" Wata kuma, ashe, ta ɗaga tata wayar tana ɗauka tun fitowarta. Ni na kutsa cikin mata. Da na samu na isa wurinta na kama mayafinta na ce,

"Bibata, hwaɗi. Hwaɗi yadda anka yi."

"Ba ni da abin hwaɗi, Hajo."

Ta je bakin randa ta wanke hannuwanta a hankali, ta shiga ɗakina ta ɗauki ƙullin kayanta. Ba ta jira kai amarya ba, ita da ta ce ita za ta riƙe hannun Rabi har ɗakin miji. Na bi ta har bakin ruwa ba takalmi, ina magana tana tafiya. Da ta shiga jirgi ta ce in koma, baƙi na jirana, kuma a sauke shinkafar da ke kan wuta kada ta kama. Abin da ta ce ke nan.

Hoton ya riga ta isa gida. Kafin jirginta ya taɓa gaɓa, an gan ta a wayoyin garinsu tana ratsa tsakar gidana da abin kunya a hannu. Matar da a kasuwa kowa ke aje kaya wurinta ya tafi yawonsa, wadda ake bar wa jariri da buhu, aka wayi gari ana janye kwando in ta matso. Ta daina zuwa kasuwar ɓangarenmu, daga baya ta daina zuwa tasu ma. Ni kuma na yi faɗa da yayanku, faɗan da ban taɓa yi da ɗa ba. Na ce ko Alƙur'ani aka dafa mini ban yarda Bibata ta ɗauki allurar wani ba. Ya ce shi ma ba ya so ya yarda, amma waya ba ta ƙarya. Na ce ya fitar mini da wayar daga gida. Ya fita da ita, ya haɗa da kansa, sallah ta zo ta wuce ba mu gan shi ba, wata ma ta zo ta wuce. Ku kuma kuka rabu, wasu suna bayana, wasu suna cewa tsufa ne ya taɓa Nya, a yi mata uzuri. Uzurin nan ya fi zagin ƙona mini rai.

Yanzu da ƙura ta lafa, yayanku yakan tambaye ni cikin wasa, wai ban yarda ba har yau cewa kullen wayar nan ya rage sata? To bari in ba shi amsa a rubuce, tunda a baki ba ya bari in kai aya. Ban ce bai yi amfani ba. 'Yan yankan aljihu na kasuwa sun rage sha'awar manyan wayoyi, na ji masu shago suna faɗa, kuma na san wadda aka tsinci tata a mota aka maido mata don ba a iya buɗewa. Amma ni a bakin iyaka na tsufa, ina ganin abin da ke wucewa. Wayar da aka kulle ba ta zama dutse, ƙetarawa take yi, a can a farke ta kamar kifi, a sayar da gilashin daban, batirin daban. Tamu ta je can, tasu ta zo nan. Masu babur kuma sun koyi jira sai ka buɗe ta da yatsanka ka kai kunne, sannan su fizge, har da kunnen in ya biyo. Maƙwabcinmu da 'ya'yansa suka saya wa irinta, ruwan fadama ya cinye masa zanen yatsu, waya ta ƙi sanin mai ita, kullum yana bin yara su buɗe masa abinsa. Ɓarawo bai rasa hanya ba, mai kaya ne ya rasa. Abin da na tabbata ya ragu shi ne mayarwa. Da, wanda zuciya ta ɗeba da safe yana iya yin nadama da rana, ya san akwai kwando. Yanzu ya san abin da ke hannunsa yana iya yi masa ihu kowane lokaci, to ba ya tsayawa nadama, gulbi ya fi kusa. Tun ranar nan ba a sake sa kwando a gidan kowa a garinmu ba. Wa zai shiga? An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mun samu ranarmu ɗaya, ga abin da muka yi da ita.

Na je wurin Bibata ba sau ɗaya ba a shekarun nan. Takan karɓe ni, ta dafa mini kifi, ta tambayi kowannenku da suna, amma da na ɗauko zancen sai ta tashi ta ce za ta duba wuta. Gidana kuwa ta ce ƙafarta ta manta hanya. Ni a raina na riga na gama shari'a. Na ce wata ce daga dangin ango ta ɗauka, tsoro ya kama ta, ta liƙa wa baƙuwa mai sauƙin kai. Da wannan na zauna, na daina gaisa da surukan Rabi da fuska, ko suna aka yi a gidansu sai in aika da ciwon ƙafa. Rabi ta sha kuka a kan haka.

Da daminar da ta wuce 'yarta ta aiko cewa jikin ya yi nauyi, ido ma ya tafi. Na shiga jirgi da gwiwoyin nan nawa, aka ɗauke ni kamar buhu aka sauke. Na tarar da ita kwance, ta zama kamar yarinya don ƙanƙanta. Ta shafa fuskata ta ce na tsufa, na ce ita da ba ta gani ina ta sani, ta ce hannu ba ya ƙarya. Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Can na ce mata Allah zai saka mata a kan mutanen nan, surukan Rabi, ni dai ban yafe musu ba. Sai ta nemi hannuna ta riƙe.

"Hajo, ashe alhakin bayin Allah kika ɗauka dut shekarun ga? Sauke shi. Ba su da hannu."

"To wa?"

"Ke ma dai. Ni zan zubda sunana don baƙon da ban sani ba? Wanda yab ba ni, bisa bayana yay yi kwana. Cikin waɗanda ni yaye na."

Na ce ta gaya mini yadda aka yi. Ta ce ana cikin layi aka same ta bayan murhu, aka ce Nya ki cece ni, ban san abin da ya kai ni ba, in na shiga da ita ta yi kuka na mutu. Ita kuma ta ce kawo, ni ba mai kallona. Ta sa a mayafi ta tafi mayarwa, yadda ta sha wanke muku abin da kuka ɓata tun kuna ƙanana.

"Da tay yi kuka hwa? Don mi ba ki hwaɗi ba?"

"In hwaɗi mi? In ce ɗan gida ya ɗauki kayan ɗan'uwa nai, ranar bikin ƙanwa, gaban surukai? Gidanki na zai tsage, har jikoki. Ni tsohuwa ta, na ci rabona. Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba."

"Mace ko namiji?"

Ta saki hannuna.

"Kin ga halinki. Mutane ba su gama shiga ba, kin hwara laluben kwando."

Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi ba ranar da babanku ya rasu. Ita ce ma take ba ni haƙuri. Na ce zan tara gari in wanke ta, ta ce wankin me, wanda zai yarda ya riga ya yarda, wanda ba zai yarda ba ko da sabulun Dahome. Abu ɗaya ne ta ce yana ci mata rai. Tun ranar nan mai abin bai sake taka ƙofarta ba, kuma ba shi kaɗai ba, duk kun ɗauke ƙafa, kowa da dalilinsa. Ba godiya take nema ba, ba kuma neman gafara ba.

"So nike in ji murya kawai, a ce Nya, ni na, na zo. In san yaron bai lalace da abin ga cikin ciki ba."

Daga can ban zarce gida ba, sai da na biya gidan surukan Rabi na durƙusa wa uwar mijinta da tsufana. Wannan nawa ne, na biya. Saura naku.

Ban san ko wane ne ba a cikinku, kuma na daina son sani. Na bi fuskokinku ɗaya ɗaya a raina har na gaji, kowa na kama sai in tuna ranar da na haife shi in sake shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ko wane ne, yau babba ne mai iyali, wataƙila ma shi ya fi kowa tsawata wa yara a kan ɗauke-ɗauke, kuma na san bai ji daɗin shekarun nan ba. Ban rubuta wannan don in sa shi kuka a tsakar gida ba, an yi mana wannan sau ɗaya ya ishe mu. Amma daga yau duk jikan da ya sake cewa "hannun Bibata" a gidan nan, uwarsa ko ubansa ya zaunar da shi ya gaya masa cewa hannun nan ne ya riƙe gidanmu bai rushe ba.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara nake nema ba. Ruwa ya cika, jirgi yana tashi ranar kasuwa, ita kuma ba na jin za ta ga wata kakar. Ku haɗu duka, har yayanku, har Rabi da goyonta, ku je tare. In kun isa kada ku shiga gaba ɗaya kamar masu gaisuwar sallah. Ku zauna a waje, a saki labule, kowa ya shiga shi kaɗai, ya durƙusa ya kama hannunta ya faɗi abin da ke bakinsa. Mai gaisuwa ya yi gaisuwa, mai wata magana ya yi. Kowa ya ɗan jima, kada wani ya fi wani daɗewa, kuma duk wanda ya fito da jan ido kada a dube shi, don na san duk da jan ido za ku fito. Ba mai tambayar wani, har abada. Ni zan zauna a bakin ƙofa in riƙe muku wayoyinku a zanena.

Wannan karon na duba kafin in sa kwando. Na tambayi 'yarta, ta ce ɗakin ba ya kama sabis ko kaɗan.